Jirgin da ke rataye a ɗakin Yaya

Ni dai har yau ban ga abin da mutane ke gani a teku ba. Ruwa ne, na yarda, amma ruwan da ba a sha, ba a dama fura da shi, sabulu ba ya kumfa a cikinsa, in ka zuba wa yakuwa kafin la'asar ta mutu. Rijiyar ƙofar gidanmu, can arewacin ƙasar Katsina, sai ka ja guga har tafin hannunka ya yi kanta kafin ka ga abin jiƙa maƙoshi, amma ta shayar da gari guda da awakinsa. Ita kuwa Bahar Maliyan nan da ake ta kurantawa, in ban da Fir'auna da ta taɓa haɗiyewa ban san wani aikin kirki da ta yi ba. Shi ma tun yaushe.

Na faɗi wannan ne a matsayin masani. Karatuna aji huɗu ya tsaya, amma na yi shekara talatin da ɗoriya a Jidda, a unguwar Mahjar, kusa da tekun yadda gishirinta ya cinye min ƙofa biyu da fanka ɗaya. Aikin Hajji ya kawo ni, aka gama, jirgi ya tashi da abokan tafiyata, ni kuma na tsaya ɗaura takalmi. Ba iƙama, wato takardar zama, ba kafilin da zai tsaya min. Na yi dako a rumbunan ajiye kaya har bayana ya ce ya gaji, na yi wankin mota, yanzu kuma aswaki da ɗan turare nake kasawa a ƙofar masallaci. A duk shekarun nan ƙafata ba ta taɓa taka bakin ruwan ba, sai ranar da zan ba da labarinta.

A garinmu kuwa Kyaftin ake ce min.

Ga yadda aka yi. A zamanin da muka zo, duk sabon takari da zarar ya samu ya ɗinka farar jallabiya, sai tsofaffin zuwa su raka shi unguwar Sharafiyya wurin wani Bahindiye mai hoto, don a aika gida a san mutum bai lalace ba. Bahindiyen yana da labule uku masu zane da ake tsayawa a gabansu: na jirgin sama, na lambu mai furanni, da na jirgin ruwa. Ran da na je, na jirgin saman ya yage ta wajen fiffike. Lambu kuwa na mata ne. Sai aka sako min jirgin ruwa, fari tas, mai jan bututu, bayansa wani dutse mai farin kai kamar an naɗa masa rawani, ga wani tsuntsu a sama ta hannun dama ya buɗe fikafikai. Bahindiyen ya ciro wata farar hula mai baƙin baki da zare ruwan zinari daga jikin ƙusa ya kifa min, ya ce in ɗaga haɓa. Na ɗaga.

Na ba alhazai hoton tare da kaset su kai wa Yaya. Yayata ce uwa ɗaya uba ɗaya, ita ta goye ni bayan rasuwar innarmu, ita ta riƙa tauna gyaɗa tana sa min a baki. Allah shaida, a kaset ɗin ban ce jirgina ba ne. Cewa na yi, "Yaya, ga wurin aikinmu nan." Katan ɗin da nake ɗauka a ka ai daga jirgi aka sauke su. Amma Yaya ta sa aka yi wa hoton gilashi, ta rataye shi saman jeren kwallayenta, kuma tun daga ranar duk matar da ta kuskura ta ce a bakin rijiya 'yan takari shara suke yi a Makka, sai Yaya ta ja ta har ɗaki ta nuna mata. Na ji labari, na yi shiru. Shekara ta bi shekara, gyaran maganar ya ƙara nauyi, na bar ta yadda take.

Daga baya yanar ido ta rufe wa Yaya gani, na ce to, aƙalla ba za ta ƙura wa hoton ido ba. Sai bara jikokinta suka kai ta birni aka yi mata aiki, idon ya buɗe tar. Ban gama murna ba sai ga taubashina ya zo Umara.

Ɗan gwaggona ne, wato ɗan mace, wato bawana, ko da kuwa zai yi digiri goma. Hedimasta ne mai ritaya, irin mutanen nan masu rataya tabarau da igiya a wuya, waɗanda ko gaisuwa ka yi musu sai ka ji kamar za su ba ka maki. Ya gama ibadarsa, saura kwana biyu jirginsu ya tashi, ya nemo ni har ɗakina.

Na ce, "Bawa, ka iso? Wa ya ba ka izinin fita gari ba ka tambaye ni ba?"

Ya ce, "Ranka ya daɗe, Kyaftin. Ashe haka manyan ruwa ke kwana, a kan katifa ɗaya da buhun aswaki a matashi?"

"Ɗakin hutu ne. Mu ma'aikatan ruwa ba ma tara kaya a tudu."

Ya zauna, ya sha shayina kofi uku ba kunya, sannan ya zuge jakar fasfonsa ya zaro wani abu a leda. Hotona. An cire shi daga gilashin, gefensa ya yi ja.

Ya ce, "Saƙon Yaya. Ta ce ba ta son dabino, ba ta son darduma. Tunda Allah ya dawo mata da idonta, so take ta gan ka kana motsi a kan jirginka, kana magana. Ta ce kada in dawo mata sai da bidiyo a wayar nan. Ta ba ni hoton don kada in ɓata in hau na wani."

Na ajiye kofin shayina. Mutanen gari ba su dame ni ba, su yi ta dariya, ba jin su zan yi daga nan ba. Yaya nake ji. Tsohuwar da ta yi shekara talatin tana faɗa da mata a kaina, a zo a ce mata labule take karewa. Kuma mai kai labarin taubashi ne, wanda al'ada ta ba shi lasisin ya tozarta ni a gidan suna da gidan biki ba mai ce masa kul.

Na ce, "Wannan ai mai sauƙi ne. Gobe bayan asuba."

Washegari muka karya da wake da gurasar tanda a shagon wani ɗan Afgan, muka kama hanya a ƙasa. Ya tambayi dalilin da ba za mu hau mota ba. Na ce wanda bai zagaya tasha da ƙafa ba bai san ta ba. Gaskiyar ita ce mota ake tsayarwa a tambayi takarda, amma tsoho mai carbi da ke tafiya a gefen titi ba mai ganinsa, kamar kyanwar unguwa. Ban da haka ina fatan gwiwoyinsa su gaza kafin mu kai ko'ina. Hanyar ma ban san ta ba. Tireloli na riƙa bi, na ce duk inda suke zuwa da kwantena nan ne.

Lokacin sanyinsu ne, wato lokacin da gumi ke jira sai rana ta fito kafin ya fara. Muka bi ta bayan rumbunan da na yi dako, na kau da kai kada wani tsohon abokin aiki ya kira ni da sunan da suka san ni da shi. Muka wuce fili bayan fili inda da unguwanni ne, yanzu sai tarin ƙasa da karyayyun tayil. Bayan tafiyar da ta isa mutum ya je kasuwar ƙauye ya dawo, sai ga katanga.

To, wannan ita ce tashar jiragen ruwan Jidda ga mai tafiya a ƙasa: katanga. Doguwa, mai waya a sama, ba ta da farko ba ta da ƙarshe. Ta bayanta wasu injunan ɗaga kaya sun miƙa wuya sama kamar zalɓe na jiran kwaɗo, ga kwantena an jibga su bisa juna, ja, shuɗi, kore, kamar yara sun tara kwalin ashana. Iska ta kaɗo mana warin tumakin da ake saukewa daga Sudan. Wai wannan ne wurin da na sa Yaya take alfahari da shi. Turken gidan sarkin pawan garinmu ya fi shi ƙamshi.

Hedimasta ya sa tabarau, ya duba hoton, ya duba katanga.

"Ta ina kuke shiga?"

"Akwai ƙofar manya, akwai ta baƙi. Ta baƙi yau a rufe take."

"Ta manyan fa?"

"Da bawa? Kana so a rage min girma?"

Muka iso wata ƙofa mai shinge, wani askar, wato ɗan sandansu, yana zaune a rumfa da waya a hannu. Shekara talatin ina kauce wa irin rumfar nan, yau ga ni ina wucewa ta gabanta da wani mai tabarau yana nuna ta da yatsa. Na ɗaga hannu daga tsallaken titi, can nesa, yadda ba zai gani ba.

Na ce, "Ka gani? Yarona ne."

"Ai ko ɗago kai bai yi ba."

"Tarbiyya ce. A nan ba a kallon babba a ido. Yalla, ɗaga ƙafa."

Can gaba aka sami inda katanga ta koma waya zalla, ana hango ciki. A nan na fara ganin jirgin ruwa da idona, ni Kyaftin. Na tsaya na dube shi da kyau, kuma ina so a rubuta cewa raina ya ɓaci. Baƙi ne, tsatsa ta zubo masa ta gefe kamar majinar yaro, ba tuta mai kyau, ba jan bututu, ba kowa a kansa da farar hula. Rumbun ajiya ne kawai ya faɗa ruwa. Bahindiyen nan na Sharafiyya, da fenti da tsumma, ya fi duk injiniyoyinsu iya jirgi. Kusa da shi wata hasumiya ta tashi sama, siririya da ƙullutu a kai, kamar taɓarya an kifa mata ƙwarya. Hedimasta ya ce daga nan ake ba jirage umarni. Na ce na sani, na sha shan shayi a ciki.

Ya ce, "To wanne ne naka?"

"Ya yi tafiya. Bur Sudan."

"Ba tare da kai ba?"

"Ina da mataimaka."

Ya gyaɗa kai kamar yaro ya ba shi amsa daidai. Ya sake ɗaga hoton, ya juya gabas, ya juya yamma.

"Dutsen fa?"

"Wane dutse?"

"Wannan mai farin rawani da ke bayanka. Tun da muka fito ƙasar nan shimfiɗe take kamar faifai."

Na ce, "Kai dai baƙauye ne. Ba ka ga filayen da muka wuce ba? Mutanen da suka kwashe unguwa guda da masallatanta da shagunanta, dutse ɗaya ne zai gagare su? An rushe shi. Titi za a yi."

"Allah sarki. Da ƙanƙararsa?"

"Ita suka fara kwashewa."

Bai yi dariya ba. Da ya yi, da na ji sauƙi. Sai ya zaro ɗan littafi daga aljihu ya yi rubutu, ya mayar. Gwiwoyin da nake jira su gaza kuwa, ashe mutumin nan shekara arba'in yana taka sayyada zuwa makarantun ƙauye. Nawa ne suka fara kuka.

Muka rabu da katanga muka ɓulla ta gefen tsohon gari, inda gidajen mutanen da suke. Dogaye ne, hawa huɗu hawa biyar, an gina su da dutsen da aka haƙo daga teku, tagoginsu na katako sun turo waje kamar akurkin kaji an manna a bango. Wasu sun karkace an tokare su da ƙarfe. Ga Turawa da Larabawa 'yan gayu suna ɗaga waya suna ɗauka, wata har da dafa bango tana lumshe ido. A garinmu in gidan mutum ya yi haka, 'yan'uwa ake tarawa a yi masa yaɓe kafin damina, a rufa masa asiri. A nan fitila aka sa masa. Daga can gefe kuma dogayen gidajen gilashi, masu santsi, ba inda ƙadangare zai kama. Ba inuwa, ba dakali, ba wanda ya leƙo ya ce sannunku. Hedimasta ya tsaya yana karanta wani allo yana bayyana min tarihin garin da na tsufa a cikinsa. Na bar shi ya gama. Bawa in bai yi surutu ba ciwo yake yi.

Hantsi ya yi sosai muka isa kasuwar kifi, kuma a bayanta ne na ga tekun gaba da gaba, ba katanga. Ruwan kore-kore ne, da bakan gizon man inji a samansa, leda da ɓawon lemo suna lilo. Ƙarni kamar ya ɗaga ka. An ɗaure ƙananan jiragen masunta a jere, na roba, kowanne da inji a gindi, suna gogar juna suna ƙara kamar tsofaffi a layin asibiti. 'Yan Bangali suna wanke kwanduna. Wasu fararen tsuntsaye marasa kunya suna faɗa kan hanjin kifi.

Na sami wani dakalin siminti na zauna, don ƙafafuna sun daina karɓar umarni. Hedimasta ya zauna kusa da ni, ya goge tabarau da bakin riga, ya ɗora hoton a gwiwa.

Ya ce, "Kyaftin, tsuntsun nan na sama ta dama. Ka san shi?"

"Na san shi mana. Kullum yana nan."

"Gaskiyarka, kullum yana nan. Lokacin ina aiki, in yaro ya daina zuwa makaranta nakan bi shi gida. Na shiga zaure da ɗakuna ba iyaka a ƙasarmu. Gida huɗu na tarar da jirgin nan a bango. Naka na biyar. Kyaftin biyar, jirgi ɗaya, tsuntsu ɗaya bai matsa ko taƙi ba. Hular ma ɗaya ce, ga tabon shayi nan a gefen hagu. Akwai wani mai ƙaton kai, a bisa ƙeya ta tsaya masa."

Na dubi hoton. Tabon na nan. Shekara talatin ban lura ba.

Na ce, "Tun yaushe ka sani?"

"Tun ina da baƙin gashi."

"Shi ne ka bar ni na taka tun daga Mahjar?"

"Ai ban taɓa ganin tashar jirgin ruwa ba. Kuma ina so in ji yadda za ka yi da dutsen. Wallahi ka ci maki."

Na zage shi zagin da ya halatta tsakanin ɗan namiji da ɗan mace, na haɗa da kakanninsa na wajen uba, waɗanda ba mu haɗa ba. Ya saurara har na gama. Sannan na tambaye shi abin da ke cina.

"Za ka faɗa mata?"

Ya ce, "Da zan faɗa da na faɗa tuni. Amma ni ba zan koma hannu wofi ba, kuma ba zan yi mata ƙarya da bakina ba. Ta ce in ɗauko ka a kan jirgi. Ga jirage nan. Ka hau ɗaya in ɗauka, abin da ka ga dama ka faɗa mata, kai da Allahnka."

Na dubi jiragen. Na dubi ruwan da ke tsakaninsu da siminti, wata tazara kamar taku ɗaya, baƙa, tana buɗewa tana rufewa. Ni da ko kududdufin garinmu ban taɓa shiga ya wuce gwiwa ba.

Akwai wani dattijo ɗan Yaman zaune a jirginsa yana ɗinkin komar kamun kifi, da zane ɗaure a ƙugu. Na yi masa sallama da Larabcin da na tsinta a bakin masallaci, na ce 'yar'uwata ce a gida take son ta gan ni a kan ruwa. Ya dube ni sama da ƙasa, ya dubi hedimasta da wayarsa, ya yi murmushin wanda ya sha ganin irinmu.

Ya ce, "Yalla ya hajji, hau. Ka cire takalmi, santsi."

Na cire. Na yi bisimilla, na karanta duk abin da ya rage min na makarantar allo, na miƙa ƙafar dama. Jirgin ya matsa. Wallahi da gangan ya matsa. Na tsaya ƙafa ɗaya a Jidda ɗaya a Bahar Maliya, jallabiya ta ɗame, sai da ɗan Yaman ya cafko ni ta hammata ya jawo ni ciki kamar buhun albasa. Na faɗi zaune a kan kwandon kifi. 'Yan Bangali suka bar wanki suka zo kallo.

Hedimasta daga tudu ya ce, "Miƙe mana. Kyaftin ba ya zama a kwando."

"Rufe min baki, bawan banza. Ƙasar ce ke motsi."

"Ba ƙasa ba ce, shi ya sa."

Na kama wani ƙarfe kusa da injin na miƙe. Komai yana lilo: kasuwa, hasumiyar can nesa, hedimasta, waken da na ci da safe. Ɗan Yaman ya gyara min hula, ya koma bayana ya riƙe min riga ta inda waya ba za ta gani ba. Allah ya saka wa mutumin nan. Na ɗaga haɓa yadda Bahindiye ya koya min.

Na ce, "Yaya, ina kwana. Ga ni nan a wurin aiki. Babban jirgin ya yi tafiya, wannan na zagaye ne. Lafiyata ƙalau. A gaida yara."

Iyakar abin da na iya ke nan. Hedimasta ya sauke waya, ni kuma na juya na mayar wa teku waken ɗan Afgan gaba ɗaya. Shi ne kaɗai abin da na taɓa ba ta, kuma ta cancanta.

Aka fito da ni. Muka koma dakali, ɗan Yaman ya aiko mana da ruwan sanyi. Hedimasta ya tura bidiyon ta wayar jikar Yaya. Na ce masa ya jira ya koma gida mana, ya ce saƙon da aka gama ba a kwana da shi. Muna nan zaune ina jiran duniya ta daina juyawa, wayar ta yi ƙara. Murya ce aka turo. Ya danna, ya kanga min a kunne.

Da farko ba magana, sai numfashi da kukan akuya a bayanta. Sannan Yaya ta ce, "Kai ne wannan? Ina haƙoranka? Wa ya ce ka tsufa?" Na ji tana jan hanci. "Na ga jirgin. Ƙarami suka ba ka, sun kyauta, sun duba shekarunka. Amma na ga yadda yake rawa da kai. Ɗan'uwana, ka ji tsoron Allah ka sauka haka nan. Tun ran da hoton nan ya zo ban yi barci mai daɗi ba in hadari ya taso. Duk Juma'a sai na toya waina na raba wa yara don kada ruwa ya ci ka. Ko shekarar da ba mu samu gero ba ban fasa ba. Na gaji. Hannuna ba ya iya juya tanda yanzu. Ka roƙi masu jirgin su sallame ka, ka nemi wani abu a tudu, ko mene ne."

Muryar ta ƙare. Hedimasta ya cire tabarau yana gogewa, ya daɗe yana gogewa, alhali ba abin da ya same su.

Ni kuwa tekun na duba, da ledojinta da man injinta. Shekara talatin tsohuwa tana tsugune gaban murhu saboda wannan kwatamin, wanda bai taɓa jiƙa min ko ɗan yatsa ba. Ba ma shi ba, saboda yadi huɗu na labule a Sharafiyya. Raini ya cika min ciki, na rasa wanda zan ba, teku ko Bahindiye ko mai ɗaga haɓa.

Na ce, "Danna min abin maganar."

Ya danna.

"Yaya, na ji. Halas, shi ke nan, na sauka. Yau ɗin nan na ajiye aiki, ga bawana nan shaida. Aswaki zan riƙa sayarwa a ƙofar masallaci, a zaune, a inuwa. Ki kife tandar nan."

Ba a jima ba amsa ta zo, gajeriya. "Alhamdu lillahi. Ka ga sana'ar mutanen kirki. Da tun farko ita ka kama."

Hedimasta ya buɗe baki, na ɗaga masa yatsa, ya rufe. Sau ɗaya ke nan a rayuwarsa ya yi wa ubangidansa biyayya.

Komawa mota muka hau, na ce in an tsayar da mu an tsayar, ƙafata ba za ta sake bin katangar nan ba. Ba a tsayar ba. Washegari da zai tafi na cika masa leda da aswaki mai kyau, na danƙa masa, na ce na Yaya ne, kada ya taɓa ko ɗaya. Ya miƙo min hoton, na ce ya mayar mata, ƙusar na nan tana jira. Ya ce a gari zai ce ya ga tasha, ya ga jirgi, ya gan ni a kai, kuma duk gaskiya ne. Zancen dutsen kawai ya roƙa in bar shi ya faɗa, wai ba zai iya riƙe shi a ciki ba. Na ce ya bari sai bayan raina.

Har yanzu in ya kira ni Kyaftin mai ritaya yake cewa. Tekun kuma tana nan inda na bar ta, ina jin ta ta cikin iska tana cin ƙofata ta uku. Ban koma ba. Na gan ta sau ɗaya, na hau ta, na faɗa mata ra'ayina.